Tsohuwar laftof a matsayin rumbun waƙa: Daga teburin masu turi zuwa cikin gida

A bakin tasha da kasuwannin Gwarzo da Kabo, kamar yadda yake a yawancin garuruwan ƙasar Hausa, da wuya a rasa wani ɗan shago ko teburi da aka ɗora wa laftof wadda ta ga jiya ta ga yau, ga sifika a gefe tana tashi, ga wayoyi jere suna caji. Mai wurin shi ake kira mai tura waƙa, ko ɗan dawunlodin. Mutum zai miƙa masa memori ko waya, ya faɗi abin da yake so, ko Shata, ko tafsiri, ko sabon fitowar wani fim mai dogon zango, a loda masa ya biya ya tafi.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, wannan laftof tana yin aikin da masana kwamfuta ke kira aikin saba, wato na'urar da ke riƙe da kaya tana raba wa wasu na'urori. Bambancin kawai shi ne a shago da igiya ake rabon, kuma sai an zo. Idan aka ƙara mata manhaja ɗaya da ɗan abin da zai ba da Wi-Fi, laftof irin wannan tana iya zama rumbun waƙa na gida, wanda duk wayar da ke cikin gidan za ta saurara daga gare shi ba tare da an ƙona data ko ta sisi ba.

Yadda abin yake aiki

Abubuwa uku ne suke haɗuwa. Akwai laftof, wadda waƙoƙin ke zaune a faifan ajiyarta. Akwai hanyar da ta haɗa ta da wayoyi, wato Wi-Fi na cikin gida, wanda ƙaramar rawuta ko hotsifot na waya ke bayarwa. Sai kuma manhajar da ke sauraron buƙata: waya ta ce a ba ta waƙa kaza, manhaja ta ɗauko ta miƙa mata kaɗan-kaɗan tana ji.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin sun saba ɗaukar Wi-Fi da intanet a matsayin abu guda. Ba haka ba ne. Wi-Fi hanya ce tsakanin na'urorin da ke kusa da juna. Intanet kuwa ita ce babbar hanyar da ta fita waje, ita ce kamfanonin waya ke sayar da datarta. Duk wanda ya taɓa tura fim da Xender ya riga ya yi amfani da Wi-Fi marar intanet, ko bai sani ba. Rawutar da babu layi a cikinta ma tana iya haɗa laftof da wayoyi, sauti ya riƙa tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki bai taɓa fita ƙofar gida ba.

Daga kaset zuwa memori

Sana'ar tura waƙa ba daga sama ta faɗo ba, gado ta yi. Tun daga shekarun 1970, kaset ya zama babbar hanyar da sauti ke yawo a Arewa. Masu shagon kaset sukan ajiye uwar kaset guda, su riƙa kwafa wa jama'a waƙoƙin Mamman Shata, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos, da Barmani Coge, da wa'azin malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara. Wasu waƙoƙin ma daga rediyo aka ɗauke su, mutum ya tsare Rediyon Kaduna da rakoda a gefe, yatsansa a kan maɓalli.

Da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, sai harkar bidiyo ta hau kan wannan hanya da kaset ya riga ya share. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa, 'yan kasuwa daga garuruwa irin su Gwarzo suna zuwa sari su koma da kaya. Masanin nan Brian Larkin ya yi dogon bayani a kan wannan kasuwa a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna cewa hanyoyin da aka gina don kwafar fina-finan Indiya da na Amurka su ne daga baya suka ɗauki nauyin fina-finan Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero shi ma ya shafe shekaru yana bin diddigin yadda waƙar Hausa ta tashi daga kalangu da kotso ta koma fiyano da situdiyo.

Faifan CD ya karɓi kaset, amma bai daɗe a kan gadon ba. Abin da ya kayar da shi shi ne ƙananan wayoyin Caina masu ramin memori da Bluetooth da babbar murya. Waƙar da aka matse ta zama MP3 ba ta buƙatar roba ko kwali, ba ta karcewa, kuma kwafinta na dubu daidai yake da na farko. Daga nan mai shagon kaset ko dai ya sayi kwamfuta ko ya sake sana'a. 'Yan kasuwar fim da dama a Kano sun karye a wannan tsakani, kuma har yau akwai masu shirya fim da ke ɗora alhakin mutuwar kasuwar faifai a kan 'yan dawunlodin.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta bi wannan hanya ba. A Kuba, inda intanet ta daɗe tana wuya, an yi shekaru ana yawo da wani kunshi na mako-mako mai suna El Paquete Semanal, kimanin terabait guda na fina-finai da waƙoƙi da ake kwafa daga faifai zuwa faifai. A arewacin Mali kuwa, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙi daga memorin wayoyin mutanen Kidal, ya fitar da su a faifai mai suna Music from Saharan Cellphones. A ciki akwai waƙar Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa daga Nijar, wanda a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008. Waƙar ta ratsa Sahara daga waya zuwa waya, sau da yawa ba tare da sunansa ba, sai da Kirkley ya yi cigiya kafin ya gano mai ita. Wannan batu na waƙa marar suna za a sake dawowa kansa, domin shi ne babban ciwon duk wani rumbun sauti na Hausa.

A zamanin YouTube, ina amfaninsa?

Tambaya ce da ta dace. Boomplay ya soma a Nijeriya tun 2015, Spotify ya shigo a Fabrairun 2021, Audiomack na nan, kuma mafi yawan sababbin waƙoƙin Hausa a YouTube suke fara fita. Sai dai duk waɗannan da data suke tafiya. Sauraron sauti mai matsakaicin inganci, wato kilobit 128 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 58 a awa guda. Gidan da mutum biyar ke sauraro na awa biyu kowace rana zai ƙona sama da gigabait 17 a wata, kafin a zo ga bidiyo, wanda cinsa ya ninka haka sau da yawa. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mutum ya riƙa biyan kuɗi kullum don ya ji waƙar da ya ji jiya, ai asara ce da hujjarta ba ta da ƙarfi.

Ga kuma matsalar sabis. A cikin garin Gwarzo ko Kabo ana samu, amma da an nausa ƙauyuka sai ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Wani lokacin ma ɗaukewar ba ta ƙauye ba ce. A Satumban 2021, saboda matsalar tsaro, an rufe layukan waya a jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Malumfashi, wadda hanyar Gwarzo zuwa Dayi ke shiga ƙasarta. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik a wurare da yawa. A irin waɗannan ranaku, abin da ke hannu shi ne abin da ake da shi.

Dalili na uku ya fi waɗannan nauyi. Akwai sautin da babu shi a kowane dandali: kiɗan noma da aka ɗauka a wata gayya, waƙar da wani makaɗin gari ya yi wa hakimi ko sarkin noma, karatun wani malami da ya rasu, waƙoƙin mata na biki da suna. Waɗannan ba kamfanin da ya san da su. Suna cikin kaset a ƙasan adaka, ko cikin faifan wani mai turi guda ɗaya.

Laftof ɗin da ta isa

Aikin raba sauti ba aiki ne mai nauyi ba. Laftof mai shekara goma ko sha biyu, irin su HP da Dell da Lenovo na hannu da ake sayarwa a titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ta isa har ta yi saura. Ram mai gigabait 2 yana ɗauka, 4 kuwa ya wadatar. Ko gilashinta ya fashe, ko wasu maɓallan sun mutu, ba komai, tunda bayan an gama shirya ta ba kallonta za a riƙa yi ba. Sau da yawa irin wannan mai aibin ita ce ta fi sauƙin kuɗi.

Faifan ajiya shi ne abin dubawa. Waƙar MP3 ta minti biyar a inganci na kilobit 128 ba ta kai megabait 5 ba, don haka faifai mai gigabait 500, wanda shi ne aka fi samu a tsofaffin laftof, zai ɗauki waƙa kusan 100,000. Tafsirin azumi guda, in an ce awa biyu kullum har kwana talatin, bai wuce gigabait uku da rabi ba, in kuma aka rage ingancin zuwa wanda ya ishi magana, rabin haka ma ya isa. Wurin ajiya ba shi ne matsala ba, lafiyar faifan ita ce matsala. Faifai mai juyawa da ya yi shekaru yana aiki yana iya mutuwa ba sallama. Kafin a saya ya kamata a sa mai gyara ya duba rahoton lafiyarsa da ƙaramar manhaja irin CrystalDiskInfo, a kuma kasa kunne: faifan da ke ƙyas-ƙyas ya kusa. Hattarar tana da dalili, domin wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranta a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki.

Akwai kuma wani sauyi da zai ƙara yawan irin waɗannan laftof a kasuwa. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan tsofaffin kwamfutoci. Ofisoshi a Turai da Amurka suna sauke nasu, wasunsu kuwa nan za su ƙare. Kwamfutar da aka daina aiko wa gyaran tsaro tana da hatsari in ana shiga banki da ita ko buɗe saƙonni. Amma wadda aikinta raba waƙa ne a cikin gida, ba ta leƙa intanet, hatsarinta kaɗan ne. Wanda ke son ya huta gaba ɗaya sai ya sa mata Linux, misali Linux Mint ko Lubuntu ko Debian, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi.

Manhajar da za a ɗora

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar sabon abu a laftof. A tara waƙoƙin a folda ɗaya, a buɗe wa foldar izinin rabawa a Windows, a sa VLC a waya, a shiga sashen da ke nuna na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗin gida. Foldar za ta bayyana, a riƙa buɗe ta kamar tana cikin wayar. Ga gidan da bai damu da ado ba, wannan ya wadatar, kuma yana da wata fa'ida: yadda mai gida ya tsara foldodinsa haka za a gan su.

Wanda ke son abin ya yi kama da Boomplay, da hoton kundi da wurin bincike da jerin waƙoƙin da kowa ya zaɓa wa kansa, sai ya duba Navidrome ko Jellyfin. Dukansu kyauta ne, kuma ba sa neman a yi rajista da wani kamfani. Navidrome sauti kaɗai ya sani, ba ya cin ƙarfi, yana tafiya ko a kwamfutar da ta gaji. Jellyfin, wanda aka fara a 2018, yana haɗawa da bidiyo, amma ya fi nauyi, musamman in aka sa shi sauya fasalin fim yayin da ake kallo. Plex ya fi su suna a duniya, sai dai yana son a shiga da asusu ta intanet, abin da bai dace da wurin da sabis ke ɗaukewa ba.

Bayan an ɗora manhajar an nuna mata foldar waƙoƙi, sai a buɗe burauza a waya a rubuta adireshin laftof ɗin, wasu lambobi ne da yawanci kan fara da 192.168, a biyo da lambar ƙofa: 4533 ga Navidrome, 8096 ga Jellyfin. Akwai manhajojin waya da aka yi domin su, kamar Ultrasonic ga na farko da Finamp ga na biyu, waɗanda ke ba mutum damar sauke waƙa a wayarsa kafin ya tafi gona ko kasuwa. Sau ɗaya ake buƙatar data, wato ranar da za a sauko da manhajojin.

Ƙananan abubuwa biyu ne suka fi hana ruwa gudu. Na farko, laftof takan yi barci in an rufe murfinta, don haka dole a shiga saitin wuta a hana ta. Na biyu, rawuta takan sauya wa laftof adireshi bayan an ɗauke wuta an dawo, sai wayoyi su neme ta su rasa. Maganinsa a kafe mata adireshi guda a saitin rawutar. Hotsifot na waya yana iya maye gurbin rawuta, amma yawanci na'urori kamar goma yake ɗauka, kuma duk sanda mai wayar ya fita, rumbun ya rufe.

Ana iya buɗe wa kowa asusunsa. A Jellyfin ma ana iya ware abin da asusun yara zai gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci, domin kundin da aka kwaso daga shago a dunƙule yakan zo da abin da ba a nema ba.

Waƙa marar suna

Ɗora manhaja aikin yini guda ne. Aikin da ke cin watanni shi ne gyaran sunaye. Duk wanda ya taɓa buɗe faifan mai turi ya san yadda yake: waƙa ɗaya a wuri huɗu da suna huɗu, wata an rubuta mata lamba kawai, wata an manna mata sunan shafin da aka sauko da ita, wata kuma an sa muryar mai shago yana tallar kansa a farkonta. Waƙar Ɗan Anace takan koma ta Ɗanƙwairo, ta Sarkin Taushin Katsina ta koma ta Narambaɗa, saboda wanda ya loda ya ji kiɗan fada ne ya yi hasashe.

Navidrome da Jellyfin ba sunan fayil suka fi dubawa ba, suna karanta bayanan da ke maƙale a cikinsa ne: mawaƙi, kundi, shekara. In babu su, sai dubban waƙoƙi su taru a ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba. Akwai manhajar da ke gane waƙa daga sautinta ta cike bayanan da kanta, kamar MusicBrainz Picard, amma taskar da take dubawa ba ta san yawancin waƙoƙin Hausa ba, ballantana na makaɗin ƙauye. Hannu za a sa, da manhaja irin Mp3tag, wadda ke gyara ɗaruruwa a lokaci guda.

Dabarar da ta fi amfani ita ce a tsayar da rubutu ɗaya ga kowane suna tun farko. In an rubuta Ɗanmaraya a nan, Dan Maraya a can, Danmaraya Jos a wani wuri, manhaja za ta ɗauka mutum uku ne. Haruffa masu lanƙwasa suna zama lafiya a bayanan zamani, amma tsofaffin rediyoyin mota da ƙananan wayoyi sukan nuna su a matsayin akwati, kuma mai bincike da ya rubuta d ba lallai ya sami ɗ ba. Saboda haka wasu kan bar sunan fayil da haruffa marasa lanƙwasa, su sa rubutun daidai a cikin bayanan.

Tsarin kundi da shekara ma Turawa suka yi shi don waƙoƙinsu. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya rera waƙa ɗaya sau da yawa a wurare dabam-dabam, kowace da baitocin da wata ba ta da su. Wanda ya ga suna iri ɗaya ya goge ɗaya don ya rage cunkoso, wataƙila ya goge wadda babu irinta. Abin da ya dace shi ne a ji su duka, a rubuta abin da aka sani a wurin ƙarin bayani: wa aka yi wa waƙar, a wane gari, daga kaset ɗin wa aka samo. Dattijon da zai iya faɗin waɗannan yana nan a yawancin unguwanni, amma ba zai dawwama ba.

Wuta, zafi da ƙura

Fifikon laftof a kan babbar kwamfuta shi ne ƙarancin cin wuta da kuma batir. In an kashe gilashinta tana aikin rabo kawai, tsohuwar laftof takan ci tsakanin wat 10 zuwa 20. A ɗauka 15 ne: awa 24 zai kama wat-awa 360, wato kusan yunit 11 a wata. Farantin sola mai wat 100 yana iya samar da fiye da haka a rana mai haske, in akwai batirin da zai riƙe na dare. Ba dole ba ne ma ta kwana a kunne. Gidaje da yawa daga la'asar zuwa bayan isha'i suke sauraro. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareto don a ji waƙa ya zama abin da ba ya biyan kansa, wutar KEDCO kuwa kowa ya san yadda take a garuruwan da ke wajen birni. A tuna rawuta ma tana son wuta. In ita ta mutu, batirin laftof bai tsinana komai ba.

Zafi shi ne abokin gaba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Kada a ajiye laftof a kan katifa ko darduma, inda ƙofofin iskarta za su toshe. A ɗaga ta a kan wani abu mai tauri, iska ta riƙa bi ta ƙasa. Batirin da ke zaune a caji cikin zafi yakan kumbura. Da an ga jikinta ya soma tasowa ko murfin ƙasa ya buɗe, a cire batirin, domin yana iya kamawa da wuta. Hunturu kuma yana zuwa da ƙura, wadda ke taruwa a fanka har ta zama kamar auduga. Buɗe ta a share sau ɗaya bayan hunturu ya wuce aiki ne na mintuna kaɗan a wurin mai gyara.

Sai cutar da memori ke ɗaukowa. Katin da ya zaga shaguna yakan zo da birus ɗin nan da ke ɓoye foldodi ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. A Windows yake yaɗuwa, ba ya tasiri a Linux, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sauya mata tsari in za a riƙa soka mata katin baƙi.

Haƙƙin mai waƙa

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsa. Ke nan waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya duk suna da magada masu haƙƙi a kansu, ballantana na Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker da ke raye suna ci da sana'ar. Dokar ta yi sassauci ga amfanin kai, amma sayar da kwafi ba da izini ba laifi ne, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke da alhakin bin sawu. A Kano akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001.

Mawaƙan ba bakinsu ɗaya ba a kan masu turi. Wanda abincinsa ke fitowa daga biki da taron siyasa yakan so waƙarsa ta bazu ko ta wace hanya, domin bazuwar ce ke jawo gayyata. Wanda ya dogara da YouTube kuwa, duk sauraron da aka yi daga memori kuɗi ne da bai shigo ba. Rumbun gida bai warware wannan ba. Magidancin da ya mayar da kaset ɗinsa zuwa kwamfuta don iyalinsa yana kan tudu. Wanda ya buɗe wa unguwa Wi-Fi yana karɓar kuɗi ya koma ɗan kasuwa, hukuncinsa kuma na 'yan kasuwa ne.

Kaset ɗin da ke cikin adaka

Zaren kaset yana lalacewa da zafi da damshi, rakodojin da za su juya shi kuma suna ƙarewa. Kwashe shi zuwa laftof ba wuya: rakoda mai lafiya, igiya daga ramin abin kunnenta zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta, da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. In laftof ɗin rami ɗaya gare ta na kunne da makirufo, sai a nemi ɗan katin sauti na USB. Ana ɗauka ne a daidai tsawon kaset, mai minti 90 zai ci minti 90, babu gajeriyar hanya. Kafin a fara a goge kan rakodar, a kuma juya kaset ɗin gaba da baya sau ɗaya don zaren ya saki.

A ajiye ɗaukar farko a fasalin WAV ko FLAC, ba MP3 ba, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin da ba ya dawowa. Kaset mai minti 90 zai kama kusan megabait 900 a WAV, FLAC kuma ya rage shi sosai ba tare da ya taɓa ingancin ba. Daga wannan uwa ake fitar da ƙaramin kwafi na saurare. A ɗauki hoton kwalin da abin da aka rubuta a jikinsa da biro, a sa a folda ɗaya da sautin, kuma kada a yar da kaset ɗin.

Duk wannan wahala tana iya tafiya a dare ɗaya in faifai guda ne ke riƙe da ita. Ƙa'idar masu adana bayanai ita ce kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A aikace, wannan na nufin laftof ɗin kanta, da faifan waje da ake haɗawa sau ɗaya a wata a kwafe sabon abin da ya shigo sannan a cire, da wani faifan ko babbar memori da za a kai gidan ɗan'uwa a Getso ko Garo ko cikin birni. Faifan da aka bari a soke kullum ba kwafi ba ne, domin tsawa ko wuta mai ƙarfi ko ɓarawo tare za su tafi da su. Filashi da memori kuma sukan rasa abin da ke cikinsu in sun yi shekaru a ajiye ba a taɓa su ba, don haka a riƙa buɗe na gidan ɗan'uwan ana gwadawa ko sau ɗaya a shekara.